Inda kwalta ta ƙare: kat-kat a ƙasar Arewa

Matafiyin da ya tashi daga Yamai ya nufi gabas a kan babbar hanya mai lamba 1, idan ya wuce Doso da Kore Mai Ruwa, zai hango duwatsu masu jan kai sun kewaye wani gari a cikin kwari. Wannan shi ne Dogon Dutsi, kimanin kilomita 275 daga babban birnin ƙasa. Mafi yawan motoci ba su daɗewa a nan. A sha mai, fasinja su ci abinci, a ci gaba zuwa Birnin Konni da Maraɗi. To amma ƙasar Arewa ba a bakin kwalta kaɗai take zaune ba. Garuruwanta da ƙauyukanta suna shimfiɗe ne a tsawon Dallol Mawri da tuddan da ke gefensa, tun daga Sukukutan da Dogonkiriya can sama, a biyo ta Bagaji da Matankari, har a gangaro Tibiri da Dumega da Geceme, kusa da iyakar Nijeriya. Wanda aiki ya kai shi waɗannan wurare, likita ne ko malamin gona, mai duba makarantu ne ko jami'in yaƙi da jahilci, ko ba daɗe ko ba jima sai ya sauka daga hanyar da aka gyara ya shiga rairayi. A nan ne ake bukatar motar nan da jama'a ke kira kat-kat.

Sunan daga Faransanci ya fito, ma'anarsa huɗu-huɗu: ƙafa huɗu gare ta, kuma injin yana iya juya su duka. Ƙaramar mota ta cikin gari ƙafa biyu kaɗai ke ja, sauran biyun rakiya suke yi. A birni wasu sun ɗauki kat-kat abin nuna isa, a wanke ta a ajiye a ƙofar gida. A gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri kuwa, ita ce ke ɗauko mace mai doguwar naƙuda daga gidan likitan ƙauye zuwa asibitin gunduma. Ita ke kai allurar rigakafi cikin akwatin ƙanƙara tun rana ba ta ɓata ta ba, ita ke kai iri da maganin fara, da takardun jarrabawa, da akwatin zaɓe. Ranar da ta kwanta a garaji saboda an yi sakaci da wani abu da bai taka kara ya karya ba, duk waɗannan ayyuka sun kwanta tare da ita. Tun da aka ɗaga Tibiri ta zama gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011, ma'aikatu sun ƙara matsowa kusa da talakawa, amma rairayin da ke tsakanin ofis da ƙauye yana nan yadda yake.

Daga kan jaki zuwa Land Cruiser

A watan Afrilu na 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, a kan mutane da dabbobi aka ɗauko kayanta. Shekara 25 bayan haka, a ƙarshen 1924, motoci takwas na kamfanin Citroën, masu taya a gaba da sarƙar roba a baya, suka ratso Sahara daga Aljeriya, suka bi ta Yamai da Doso da Tasawa har Damagaram, a kan hanyarsu ta zuwa tafkin Cadi. Waɗannan dai motocin gwaji ne da talla. Sun wuce, jaki da raƙumi suka ci gaba da aikinsu.

Motar da ta fara zama da gindinta a ƙauyukan ƙasar nan ita ce Land Rover, wadda aka fito da ita a Ingila a 1948. Da alminiyam aka yi jikinta, domin baƙin ƙarfe ya yi wuya bayan yaƙin duniya na biyu, sai wannan rashi ya zame mata alheri, gama jikin ba ya tsatsa. Ita kumandan ya hau, bayan samun mulkin kai a 1960 kuma ita ce motar jandarma da likitan dabbobi da masu yawon allura. Tsofaffin direbobi har yau suna tuna sandunanta biyu, mai rawayan kai da ake dannawa ƙasa idan an shiga rairayi, da mai jan kai da ake ja baya idan wuri ya yi tsanani. A gefe guda kuma akwai Peugeot 404 mai tamfol, wadda ba kat-kat ba ce, amma ta yi shekaru tana jigilar ƴan kasuwa daga wannan kasuwa zuwa waccan; direbobi da yawa a kanta suka koyi karanta ƙasa da ido, domin ita ba ta yafe kuskure.

Sannu a hankali Toyota ta ƙasar Japan ta karɓe filin. Land Cruiser samfurin 40 ta fito a 1960, samfurin 70 ya gaje ta a 1984, kuma har yanzu ana ƙera shi. Shi ne motar asibiti mai dogon jiki da akan gani a ƙauyuka, shi ne kuma mai buɗaɗɗen baya da ke ɗaukar kaya. Tsohuwar Land Rover kuwa, wadda daga baya aka sa wa suna Defender, an daina ƙera ta a watan Janairu na 2016. Farin 1973 da 1974, da na 1984, su suka nuna wa hukuma da talakawa darajar irin waɗannan motoci. Manyan motoci suna iya sauke hatsi a rumbunan OPVN na manyan garuruwa, amma daga nan zuwa ƙauyen da yunwa ta kama, sai abin da ke iya shiga rairayi ya fita.

Waɗanda suka yi wayo a lokacin suna tuna tseren Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya riƙa ratsa Agadas da Yamai, kafin ya bar Afirka. Tun 2020 a Saudiyya ake yin sa. Ya sa samari da yawa sun zaci tuƙin daji shi ne gudu da tayar da ƙura. Sun manta kowane ɗan tsere akwai motar makanikai da kayan gyara a bayansa. Direban gunduma ba shi da kowa a bayansa sai yaron motarsa da akwatin sufana.

Ƙasa iri uku

Dallol Mawri tsohon kwarin kogi ne da ya daina gudu tun dubban shekaru. Ya miƙe daga arewa zuwa kudu, ya haɗu da Dallol Foga, sa'an nan ya isa kogin Isa a wajajen Gaya. Cikinsa rairayi ne da fadamu, ruwa kusa yake da sama, shi ya sa jama'a suka taru a nan. Gefensa kuwa tuddai ne masu hular marmara. Saboda haka a tafiyar yini guda direba yana iya haɗuwa da ƙasa iri uku, kowace da halinta, kuma abin da ya cece shi a wannan shi zai kashe masa mota a waccan.

Kafin a yi maganarsu, ya kamata masu karatu su san yadda motar ke aiki. Bayan akwatin giya na kullum, kat-kat tana da ƙaramin akwati na biyu, mai raba ƙarfin injin tsakanin ƙafafun gaba da na baya. A kan kwalta na baya kaɗai ke ja. Idan an shiga rairayi sai a haɗa na gaba. Idan kuma hawan dutse ne ko laka mai zurfi, sai a sa ƙaramar giya, wadda ke rage gudu ƙwarai, ta ninka ƙarfin ja sau biyu ko fiye. A Toyota da yawa na aiki akwai kuma makulli a cibiyar kowace ƙafar gaba, wanda sai direba ya sauko ya murɗa shi da hannu. Sabon direba yakan ja sanda a cikin mota ya manta da makullin, ya yi ta taka totur yana mamakin abin da ya sa motar ke nitsewa. Akwai kuskuren da ya fi wannan tsada, wato barin ƙafa huɗu a haɗe bayan an koma kwalta. Wajen kwana, ƙafafun gaba sun fi na baya cin tafiya. A rairayi taya takan ɗan zame, bambancin ya tafi. A kan kwalta ba ta zamewa, sai ƙarfin ya taru a cikin ƙarafa yana murɗa su, har haƙoran giya su ci juna ko wani abu ya karye. Wannan ya shafi duk motar da ake haɗa wa ƙafafun gaba da hannu.

Ƙasa ta farko ita ce rairayi, kuma maganinsa a cikin taya yake. Tayar da aka cika wa iska kilo 2 da rabi ko 3 domin kwalta, idan ta shiga rairayi mai laushi yanka shi take yi kamar garma. Idan aka rage iskar zuwa wajen kilo 1 da rabi, sai tafin tayar ya yi tsawo, nauyin mota ya bazu, ta riƙa tafiya a bisa rairayin maimakon cikinsa. Hikimar da ke ƙafar raƙumi ke nan. Sai dai tayar da aka rage wa iska ba ta son gudu, ba ta son kwana mai kaifi, domin takan yi zafi, ko ta saɓule daga ƙarfen da ke riƙe da ita. Lokacin tafiya ma yana da muhimmanci: da asuba rairayi yana da sanyi da ɗan danshi, yana riƙe mota; da tsakar ranar bazara kuwa ya saki jiki kamar gari. Direba mai hankali yakan zaɓi giyarsa tun kafin ya shiga, ya riƙe totur daidai, kada ya canja giya a tsakiya, gama da ya taka kuloci motar ta rasa ƙarfinta, rairayi ya kama ta.

Idan kuwa ta kafe, abu na farko shi ne a ɗaga ƙafa daga totur. Kowane juyi da taya ta ƙara yi a banza, rami take ƙara haƙa wa kanta, har cikin mota ya zauna a ƙasa, aikin minti 10 ya koma na rabin yini. A sauko, a sa shebur a kwashe rairayi gaban ƙafa huɗun duka da ƙarƙashin mota, a cusa faranten ƙarfe ko rassan sabara da geza a ƙarƙashin taya, a sa ƙaramar giya a fita a hankali. Mutanen ƙauye ba su ƙin turi, Allah ya saka musu. Amma kada a bar kowa a bayan taya, domin farantin yakan yi tsalle da ƙarfi, kada kuma yara su tsaya kusa da igiyar ja, gama idan ta tsinke bulala ce mai kisa.

Ƙasa ta biyu ita ce marmara da hanyar burji. Nan kuma akasin haka ake bukata. Duwatsu masu kaifi suna yanka gefen tayar da ba ta da isasshiyar iska, ƙayar aduwa kuma tana jira a bakin hanya. Saboda haka wanda ya rage iska a kwari dole ya mayar da ita kafin ya hau tudu, ko da famfon hannu ne. Hanyar burji idan ta tsufa takan yi gargada, ƙananan kunyoyi a jere kamar kwanon rufi. Wanda ya bi ta a hankali, mota ta yi ta kakkarwa. Wanda ya ƙara gudu zuwa kilomita 60 ko 70 sai ya ji ta lafa, domin taya tana taɓa kan kunyoyin ne kawai. A nan haɗarin yake. Tayar da rabin lokacinta a iska take ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari, kuma amalanke ko garken awaki ba su yin sallama kafin su fito. Gargada ita ce kuma babbar mai kwance noti. Bayan kowace doguwar tafiya a kanta ya wajaba a shiga ƙarƙashin mota da sufana, a bi notin ƙafafu da na sifirin da mariƙin batir ɗaya bayan ɗaya.

Ta uku sai da damina, daga Yuni zuwa Satumba. Fadamar da aka ratsa da rani ba tare da an lura da ita ba takan koma taɓo mai riƙe mota har kwana biyu. Abin da ya fi wannan shi ne ƙorama. Ruwan da aka yi a kan tudu, inda marmara ba ta shan ruwa, yakan gangaro kwari gaba ɗaya, wani lokaci a wurin da ko ɗigo bai sauka ba. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya ɗaukar mota, kome girmanta, kuma yakan zare rairayin da ke ƙarƙashin taya tun direba yana tunanin abin yi. Irin wannan ruwa ba ya daɗewa; sa'a biyu ko uku ya janye. Babu takardar aiki da ta kai a sayar da ran mutane dominta. Idan ya janye, a sa mutum ya ratsa da ƙafa da sanda a hannu, a ga zurfi da taurin ƙasa, sa'an nan mota ta bi da ƙaramar giya ba tare da tsayawa ba. Bayan an fita a riƙa taka birki a hankali har ya bushe.

Abin da ake ƙara wa mota

Da wuya a ga kat-kat ta ƙauye yadda ta fito daga kamfani. Kowa da abin da yake ƙara mata, wani na amfani, wani na ado, wani kuma na ɓarna.

Na amfani yawancinsu ba su da tsada. Taya ta biyu ta ajiya, bayan wadda motar ta zo da ita. Faranten ƙarfe biyu masu huji, irin waɗanda asalinsu na shimfiɗa filin jirgin sama ne a lokacin yaƙin duniya na biyu. Shebur, da famfo, da ma'aunin iska, da kayan faci, da guntun katako mai kauri da za a ɗora jak a kai don kada ya nitse. Jarkar ruwa ta mota daban, ta mutane daban. Direbobin da kan rataya salka a jikin mota, iska na bugunta ruwa na sanyi, kuma har yau ba a sami abin da ya fi ta arha ba. Taya kuwa, doguwa siririya mai lamba 7.50-16, wadda aka saba gani a ƙarƙashin Land Rover da Land Cruiser, ta fi dacewa da wannan ƙasa bisa ga faffaɗar taya mai gajeren gefe da ƴan birni ke so, domin tana da gefen da za a rage wa iska, kuma mai faci na kowace kasuwa ya san ta.

Akwai bututun nan da ake ɗorawa a gefen gilashin gaba, wanda ke ɗaga hancin injin zuwa saman mota. Mutane da yawa sun ɗauka na shiga ruwa ne. Gaskiya ne yana hana injin shaƙar ruwa, kuma injin gazuwal da ya shaƙi ruwa ya gama aiki nan take. Amma babban amfaninsa a ƙasar Arewa shi ne ƙura, domin iskar sama ta fi ta kusa da taya tsabta. Bai mai da mota kwalekwale ba. Haka nan tanki na biyu yana da amfani ga mai tafiya mai nisa; doguwar Land Cruiser takan zo da tanki biyu, kowane lita 90.

Inda ɓarna take shi ne wajen kaya. Mai mota yakan je wurin maƙeri a ƙara wa sifirin baya ganye biyu ko uku, a ƙara wa bodi tsawo da ƙarfe, domin motar da aka yi don tan guda ta ɗauki biyu ranar kasuwa: buhunan gero da wake a ƙasa, awaki a tsakiya, mutane a sama ƙafafu na lilo. Sifirin ya ɗauka, gaskiya ne. To amma birki bai ƙaru ba, ƙashin bayan mota bai ƙaru ba, ƙarfen da ke juya ƙafafu bai ƙaru ba. Nauyin da sifirin ya ƙi lanƙwasa ya karɓa, su yake komawa, har wata rana ɗayansu ya tsage a tsakiyar daji. Ragar kaya ta saman mota ma haka take. Tabarma da katifa ba laifi. Amma jarkokin mai da buhuna a can sama suna sa kan mota ya fi gindinta nauyi, a gangaren tudu ko a kwanar burji ta kife. Kaya mai nauyi ƙasa ake sa shi, tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Ba a musun cewa mai motar haya yana da hujjarsa, gama mai ya yi tsada, fasinja kuma ba su da wata motar. Sai dai kuɗin da lodi biyu ya kawo a wata shida, gyara guda yakan cinye shi.

Kiwon mota

Babban abokin gabar injin a wannan ƙasa shi ne ƙura, tun ba da hunturu ba, lokacin da hazo ke rufe Dogon Dutsi har a kasa ganin dutsen da gari ya ci sunansa. Ƙurar da ta wuce matatar iska ta shiga injin, ta gauraya da baƙin mai, ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin ƙarfe daga ciki ba wanda ya gani. Don haka a riƙa buɗe matatar iska ana kakkaɓe ta bayan kowace tafiyar daji, a sauya ta da zarar ta huje ko ta toshe. Wanda ya cire ta gaba ɗaya don mota ta ƙara ƙarfi, ya sayar da injinsa ne da rahusa. Juyen baƙin mai kuma, ga tsofaffin injunan gazuwal masu aiki cikin ƙura, kada ya wuce kowane kilomita 5000, tare da matatarsa.

Sai maganar man da ake sha. Ƙasar Arewa tana bakin iyaka, kuma shekara da shekaru man kwalba da na jarka da ake shigowa da shi daga Nijeriya shi ya riƙe motoci da babura na ƙauye, ko bayan da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011. Janye tallafin mai da Nijeriya ta yi a 2023 ya sauya lissafin farashi, amma matsalar man jarka ba ta farashi kaɗai ba ce. Yakan zo da ruwa, da tsatsa, da rairayi. Tsohon injin Land Cruiser mai silinda 6 da lita 4.2, wanda ya fito a 1990, yana da haƙuri da irin wannan. Sababbin injuna masu aiki da kwamfuta ba su da shi, ruwa kaɗan ya isa ya lalata famfon mai da kuɗinsa ya fi ƙarfin kasafin ƙaramar ma'aikata. Idan tilas ta sa a sha man jarka, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, a bar na gindin. A kuma riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasan matatar mai.

Da bazara zafi yakan haura digiri 40, rairayi kuma yana sa injin aiki da ƙarfi alhali mota ba ta gudun da iska za ta sanyaya ta. Saboda haka idon direba kada ya bar allurar zafi. Ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri yana toshe radiyeta a hankali; ruwan sama da aka tace ya fi shi. Kada a buɗe murfin radiyeta tana tafasa. Da kaka kuma wata fitina ke tasowa: ƴaƴan ciyawa suna cika ramukan radiyeta, busasshiyar ciyawa kuma tana naɗewa a jikin bututun hayaƙi mai zafi. Daga nan wuta ke tashi, ta ci mota, ta ci makiyaya, wani lokaci har da damman gero da ba a kai rumbu ba. Wanda ya ratsa ciyawa ya tsaya ya leƙa ƙarƙashin motarsa. Wanda ya ratsa ruwa kuwa ya sa giris a duk gaɓoɓi, ya duba man da ke cikin akwatunan giya da na ƙafafu. Idan ya koma fari kamar nono, ruwa ya shiga, sai a juye.

Duk wannan aikin direba ne, amma ba nasa kaɗai ba. Masu karatu da ke riƙe da ma'aikatu sun san yadda abin ke faruwa. Mota ta zo sabuwa daga wani shiri na taimako, an yi bikin karɓa, an ɗauki hoto, amma ba a ware kuɗin taya da matata ba. Direba ya kawo kuka a kan ƙaramin abu, a ce ya yi haƙuri sai sabon kasafi. Ranar da ta tsaya, a ɗora ta a kan bulo a bayan ofis, wai sai kayan gyara sun zo daga Yamai. Kafin su zo an ari batir ɗinta an sa wa wata, an ari taya, an ari fitila, har ta zama ɗakin kaji. Ba rairayi ne ya kashe wannan mota ba. Haka kuma kayan gyara na jabu sun cika kasuwanni, kwalinsu ɗaya da na gaskiya. Matatar mai ta jabu rabin kuɗi ce, amma takardar da ke cikinta ba ta tace komai. Littafin mota, wanda ake rubuta kilomita da mai da ranar juye a ciki, shi ne ke nuna wa shugaba gaskiyar lamari. A nan karatun yaƙi da jahilci ya yi rana, domin direba ko yaron mota da ya iya rubutu da Hausa yana iya riƙe wannan littafi da kansa, ba sai ya jira akawu ba.

Ga mai son ganin ƙasa

Ba aiki kaɗai ke sa a sauka daga kwalta ba. Tun da Abdoulaye Mamani ya wallafa littafinsa a kan Sarauniya a 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986, ɗalibai da masu bincike da ƴan ƙasa masu son tarihi sukan so su ga Lugu da idonsu, su ga Bagaji, garin Baura, da Matankari, tsohuwar hedkwatar sarautar Arewa. Tafiya ce da ta cancanci a yi, musamman bayan kaka, lokacin da ƙasa ta bushe, zafi bai taso ba, gawo kuma ya yi ganye shar a tsakiyar gonakin da aka girbe.

Sai dai akwai ladabinta. Shekarun nan tsaro ya taɓarɓare a wasu sassan yammacin ƙasa, kat-kat kuwa tana daga cikin abin da ƴan bindiga ke nema. Don haka kafin a tashi a tuntuɓi hukumar gunduma da jandarma, a bi abin da suka ce, a faɗa wa wani inda za a da lokacin dawowa, kada dare ya riski mota a daji. Motoci biyu sun fi ɗaya. A ɗauki ɗan gari, domin taswirar da ke cikin wayar hannu ba ta san inda ƙorama ta yanke hanya bara ba, ba ta kuma san rijiyar da ta rufta ba. Idan an isa gari a fara da ƙofar mai gari. Wuraren al'ada, irin dutsen Tunguma na ƙasar Lugu, suna da masu kula da su da ƙa'idodinsu. Ba a kusantar su da mota, ba a ɗaukar hoto sai da izini. Da damina kuma, idan hanya ta yi taɓo, direba yakan ji sha'awar ratsewa ta cikin gona. Sawun taya guda a cikin shuka yana kashe kunya biyu daga wannan gefe zuwa wancan, kuma duk motar da ta biyo baya shi za ta bi, har gonar mutum ta zama hanya.

A kan hanyar dawowa, inda burji ya haɗu da kwalta, akwai tsayawa ta ƙarshe. Direba ya sauko ya kwance makullan ƙafafun gaba, ya mai da sanda wurinta, ya auna iskar taya huɗun ya cika wadda ta rage, ya zagaya motar yana taɓa cibiyar kowace ƙafa ko akwai wadda ta fi ƴan'uwanta zafi. Sa'an nan ya ɗauko littafi ya rubuta kilomita, kafin ya kama hanyar Dogon Dutsi.